Ƙafar Baba da Bashin Layinmu

Da aka sallamo surukina daga asibiti bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, likita ya kafa mana sharaɗi biyu: kullum ya taka ƙafa, kuma kada a bari ransa ya ɓaci. Na biyun ne ya hana mu sakat, domin da bashi aka yi jinyar nan, kuma Baba bai sani ba. Mutum ne da ko tsintsiya bai yarda a aro daga maƙwabta ba. In ya ji saboda shi ɗansa ya ci bashi, to sai dai mu sake neman motar asibiti.

Abin haushin, duk masu binmu a layinmu suke, a jere kamar an shirya su. Mai shago yana daf da ƙofarmu, sai mai kemis, sai tela da ya ranta mana tsabar kuɗi. Can ƙarshen layi kuma mai kayan gyara, inda mijina ke ɗauko kayan firji da fanka. Nasa ne ya fi yawa, ga shi bakinsa ba linzami.

Mun sha musu a kan wa za a fara biya. Ni na ce a fara da ƙaramin, ko ma samu ƙarfin gwiwa. Abokin mijina ya ce a rungumi babban. Shi kuwa gogan naku, Injiniya kamar yadda 'yan layi ke fasa masa kai, so yake ya yayyafa wa kowa kaɗan, abin da ba ya kashe bashi sai dai ya tuna wa mai shi.

Baba ne ya raba gardamar. Ranar da ya fara fita, Injiniya na riƙe da hannunsa, ni ina biye da kujerar roba, iyakarsa bakin ƙofa. Ya zauna yana haki, ya hango shago, ya ce in Allah ya yarda mako mai zuwa can zai je su gaisa da mai shi. Baba kuwa in ya gaisa da mutum, sai ya ji har abin da ya hana mutumin barci. Muka kalli juna ni da mijina.

Daga ranar tsere ya fara tsakanin ƙafar Baba da aljihunmu. Duk abin da ya shigo, ƙofar da ke gaban Baba ake kai wa. Sauran a ba su ɗan abin riƙewa da haƙuri. Injiniya ya daina hutun ƙarshen mako, ya kwashe matattun fankokin da ya tara a bayan ɗaki yana cewa wata rana za su yi amfani, ya tayar da su ya sayar. Ni na koma sayar da ƙanƙara. Da aka gama da mai shago, abin da muke ba shi muka ɗora a kan na mai kemis, haka har tela. Wallahi akwai ranar da na ga Baba ya ƙara taku, na ce alhamdu lillahi a baki, a zuci ina cewa tsohon nan ya ɗan sassauta mana.

A ƙofar tela sai ƙafar ta tsaya. Kullum nan yake cewa in ajiye kujera, gwiwa ta ƙi. Hankalina ya tashi, har na fara zancen komawa wurin likita, ko da yake jinkirin ya yi mana rana. Wata ya shuɗe a haka kafin Injiniya ya samu aikin gyaran firji na wani otal, ya haɗa da abin da muka tara, ya kai wa mai kayan gyara ragowar kuɗinsa.

Washegari muka fito kamar kullum. Na sauke kujera a ƙofar tela, sai na ga Baba ya wuce abinsa, sandarsa na ƙwas-ƙwas, ɗansa na ƙoƙarin cim masa. Har ƙarshen layi bai tsaya ba. Suka gaisa da mai kayan gyara, wanda yau bakinsa sai zuma.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ina ciwon gwiwar?"

"Gwiwa ta daɗe da warkewa, 'yata. Mijinki nake jira."

Injiniya ya tsaya cak.

"Duk ƙofar da ake binka, in muka doshe ta sai ka matse mini hannu kamar za ka karya shi," in ji Baba. "Yau ne ka riƙe ni kamar mutum."

Ni dai na dire kujerar a tsakiyar hanya na zauna a kai, dariya da hawaye suka haɗe mini. Baba ya dube ni ya ce in huta sosai, su za su jira ni.