Ƙarfen Bangon Inna Jummai

Tun da Inna Jummai ta zame a banɗaki aka yi mata aiki a ƙugu, gidanta na unguwar Kawo ya koma kamar na baƙi. Komai sai an yi mata. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kama ta da ake yi in za ta kewaya, ita da ta raini 'ya'ya da jikoki a tsakar gidan nan.

Babban ɗanta Abdurrahim ya dawo daga ofis da keken guragu sabo fil. Inna ta dubi keken sama da ƙasa.

"Allah ya yi albarka. Amma ni ba buhun masara ba ce da za a riƙa turawa."

"Inna, likita ya ce a bi a hankali."

"A hankali ya ce, bai ce in zauna ba."

Autarta Aziza ce ta fahimce ta. Ta samo sandar nan mai ƙafa huɗu da ake dafawa da hannu biyu, ta kira mai walda ya kafa bututun ƙarfe a jikin bango, tun daga ƙofar ɗaki har banɗaki da madafa. Aka rushe dokin ƙofa aka shafe da siminti.

Ranar gwaji, Inna ta yi bisimilla ta miƙe. Jiri ya ɗebe ta, zufa ta keto mata. Ta tura sandar, ta ja ƙafa, sai gwiwa ta lanƙwashe. Abdurrahim ya zabura.

"Kar ka taɓa ni! Tsaya bayana kawai."

Ta cafki ƙarfen bangon, ta tsaya tana haki har jirin ya wuce. Ranar ba ta kai ko'ina ba, ta koma gado tana share hawaye a ɓoye. Washegari da hantsi ta sake miƙewa. Haka kullum, har tafin hannunta ya yi kanta.

Wata safiya Aziza na tankaɗe a madafa ta ji ƙwas, ƙwas a bayanta. Ta waiwaya, ga Inna ita kaɗai, fuska sharkaf da ruwan alwala.

"Inna! Wa ya kawo ki?"

"Ƙafata. Jawo min kujera, ki miƙo kukar nan in kaɗa. Sannan ki kira mai waldar nan, ya ƙaro ƙarfe zuwa zaure. Matar Yusuf maƙwabcinmu ta haihu, da kaina zan je barka."