Yatsu Uku a Bakin Baba

…kuma shafi na goma sha huɗu ne, ta sani, ko daga barci aka tashe ta za ta karanto shi. Ka zaunar da mara lafiya. Ka dube shi fuska da fuska. Ya buɗe baki, ya zaro harshe, ka gwada ko yatsu uku za su shiga tsakanin haƙoransa. In ba su shiga ba, kada ka ba shi allurar barci, nemi na gaba da kai. Layi huɗu kacal. Maimunat ta ja musu jan biro tun watan da ta fara koyon sa wa marasa lafiya barci kafin tiyata, ga ɗan littafin nan a aljihunta, gefensa duk ya lanƙwashe saboda buɗewa. Wanda ya rubuta shi dai ba shi da suruki, wannan kam ta tabbata.

Baba ne a kan gadon tiyata. Baban Kamaruddeen, mijinta. Gwaiwa ce ta shekara da shekaru, yau hanji ya maƙale a ciki, aka ɗauko shi daga gona a bayan babur yana amai. Likita ya ce wataƙila sai an yanke hanjin, allurar baya ba za ta wadatar ba, sai barci gaba ɗaya. Barci gaba ɗaya… wato a tsayar da numfashinsa da magani, a zura masa bututu ta baki, inji ya riƙa yi masa numfashi. Ta baki. In bakin ya ƙi fa?

Ta ɗora masa robar oksijin a fuska. Minti uku, in ji littafi. Minti uku yana shaƙa, sannan Malam Muntaka ya tura allura. Ga shi can yana ɗaga sirinji yana ƙwanƙwasa shi da farce, hankali kwance, mutumin da ya shekara ashirin yana wannan aiki. Ya yarda da ita. Da safe yana kan wata tiyatar, ya leƙo ya ce ta je ta duba sabon da aka kawo, har da cewa ai gara ma, ɗan gida ne.

Ɗan gida! Shekara shida tana gidan nan, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da ta rubuta Hashimu a fom ma sai da ta ji kamar ta yi rashin kunya. Daga bakin zaure take durƙusawa, kanta a ƙasa, ina kwana Baba, shi kuma ya juya wajen rumbu ya amsa wa rumbun. Takalmansa ta sani. Tarinsa ta sani, da ƙarar butarsa. In sun yi kiciɓis a hanyar rijiya, ita ta faɗa cikin gero, shi ya tsaya gyaran hular da ba ta karkace ba. Har yau Amarya yake ce mata, ga ta da 'ya'ya biyu. Wannan mutumin za ta ce wa zaro harshenka?

Ta je fa. Allah ya sani ta je. Ta tsaya a ƙafar gado, Inna na zaune tana yi masa fifita, ƙannensa biyu a tsaye, duk suka yi shiru don surukar gida ta shigo da farar riga. Ta auna jini tana kallon bango. Yaushe ya ci abinci, Inna ta amsa. Yana shan wani magani, Inna ta amsa. Sai layin nan… an duba baki? Ta buɗe nata bakin, Baba ya ja mayafi ya rufe fuska, don ya sauƙaƙa mata. Don ya sauƙaƙa mata! Ta fito baranda ta sa alamar e. Ai Baba lafiyayye ne, yana magana, yana salla, mutum nawa ne bakinsu ba ya buɗuwa? Ɗaya cikin ɗari? Cikin dubu?

Minti ɗaya ya wuce.

Daga saman kansa take tsaye yanzu, babu wurin kawar da ido. Ashe haka fuskarsa take. Ashe yana da tabo a ƙarƙashin kunne, gemu ya ɓoye rabinsa. Haɓar nan kamar ta ɗan karkace hagu… ko robar ce ta danne? Ba robar ba ce. Tsoro ya kama ta.

Tuwon Baba a yi shi da ruwa-ruwa, Amarya. Muryar Inna ke nan, satinta na farko a gidan. Namansa a daka a turmi. Rake ba ya sha, goro sai an goga masa a magogi. Ita ta ɗauka tsufa ne, ko son jiki irin na masu gida. Shekara shida tana daka naman nan da hannunta, ba ta taɓa tambayar dalili ba, wa ke tambayar abin da ya shafi bakin suruki? Kamaruddeen kuwa ya taɓa ba da labari, suna cin gyaɗa, wai yana yaro san noma ya harbi Baba a muƙamuƙi, mai ɗori ya ɗaure shi da tsumma, wata biyu sai kunu ta tsinken kara… har dariya ta yi a lokacin. Dariya!

Minti biyu. Malam Muntaka ya haɗa sirinji da robar da ke hannun Baba. Likita ya sa safar hannu yana jira. In ta yi magana, ta yi ƙarya a fom, a gaban kowa, kuma za a rubuta, wataƙila karatun ya ƙare ke nan. In ta yi shiru, wataƙila bakin ya buɗu. Wataƙila. In bai buɗu ba, numfashi ya tsaya, ƙarfen leƙa maƙogwaro ya ƙi shiga, lambar injin tana sauka, casa'in, tamanin, saba'in… sannan ta fita baranda ta ce wa Kamaruddeen me? Na ji kunyarsa?

"Malam, dakata. Ban duba bakinsa ba."

Ita ta faɗa? Ita ce, ga babban yatsan Malam Muntaka ya ɗaga daga kan sirinji. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, duba yanzu.

Ta cire robar oksijin. Ta sunkuya. "Baba, don Allah… buɗe bakinka."

Ya buɗe ido, suka haɗu da nata, shi ya fara kawarwa. Yana ƙoƙari, tana ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, yana yi don kada ya ba ta kunya. Ta kai yatsu uku. Ta janye ɗaya. Ta janye na biyu. Ɗaya ne, shi ma da ƙyar, haƙoransa na goge mata safar hannu.

Malam Muntaka ya leƙa, ya ajiye sirinjin a tire. Wannan na Kano ne, ya ce, ba mu da kayansa a nan. Sai ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Ƙarfe biyu saura. Motar asibiti guda ɗaya ce, ta tafi Kano tun ƙarfe goma, da gado ɗaya babu kowa a kai… ta gabanta ta wuce, tana tsaye a baranda da biro a hannu. Awa huɗu. Hanjin da ya maƙale, awa nawa yake jira? Yana shafi na nawa ne ma…

Yatsanta na bakinsa har yanzu. Baba ya rufe ido yana jira ta ce masa ya isa.