Dakalin Baba Dikko

Shekara shida Muttaka yana ɗaukar kafil ɗinsa, Balaraben da yake wa aikin direba a ƙasar waje, daga unguwar Ain Khaled zuwa gonar mutumin ta hamada duk Juma'a. A can ya ga yadda ake gyara wurin farauta: ƙasa a share fes, ga kwamin ruwa na siminti, barewa tana zuwa sha kamar akuyar gida. Shi kuwa Muttaka ba ya ganin abu ya ƙyale.

Mahaifinsa, Baba Dikko, tsohon maharbi ne, yana da ɗan daji a bayan ƙauyensu. Ido ya tafi, bindiga ta daɗe a rataye. Abin da ya rage masa kaɗai shi ne a ja shi can da safe ya saurari kukan fakara. Sai dai kullum ƙaya na yagar masa ƙafa, abin yana ci wa Muttaka rai.

Ya kira ƙanensa Uwais a waya. "Ku sare sarƙaƙiyar nan duka, ku gina kwami, ku yi wa Baba dakalin zama."

"Yaya, a cikin ƙayar nan fa fakara ke yin ƙwai."

"Yalla, maza, kai dai yi abin da na ce. Ni na ga yadda ake yi."

Sati uku direba ya koma magini, yana zana kwami a bayan kwali, yana faɗa ta bidiyo in layi ya karkace. Da hotuna suka iso, babu abokin ɗakin da bai nuna wa ba.

Daga nan Uwais ya fara ƙin ɗaukar waya. Ran da ya ɗauka, cewa ya yi shanun gari sun gano ruwan, sun tattake wurin. Muttaka ya kasa tambayar labarin fakara.

Wata la'asar yana jiran kafil cikin mota a unguwar Al-Sadd, saƙon muryar da aka ɗauka tun safe ya shigo. Baba ne.

"Muttaka, ga ni a kan dakalinka, hantsi ya yi. Akwai daɗin zama, ko ƙaya ɗaya ban taka ba. Allah ya yi maka albarka. Bari in jiyar da kai dajin."

Saƙon ya ci gaba har minti biyu. Muttaka ya ƙure sauti, ya kashe na'urar sanyaya motar, ya manna wayar a kunne. Iska ce kawai, sai numfashin tsohon yana jira.