Kwatancen Sha-Yawo

Masu sauraro ne suka raɗa masa suna Sha-Yawo, shi kuwa bai taɓa yi musu gardama ba. Shekara goma sha huɗu ke nan yana gabatar da shirin wasanni a gidan rediyon garin, kowace Alhamis da ƙarfe biyar na yamma. Rabin farko na shirin kowa ma zai iya yinsa: wa ya ji rauni, wa aka ba jan kati, wa koci zai fara da shi. Rabi na biyun ne ya yi masa suna. Duk makon da ƙungiyar garin za ta fita wasa waje, sai ya gyara zama ya kwatanta wa magoya baya garin da za su. Ga inda za a shiga, ga kwanar da za a sha, ga ƙofar filin da ake shigar da baƙi, har da unguwar da bai kamata mutum ya ratsa da rigar ƙungiya a jikinsa ba. Kullum da magana ɗaya yake buɗewa, wai gani ya kori ji, shi ya riga kowa zuwa ya gano da idonsa.

Gaskiyar magana kuwa, rabon Sha-Yawo da ya wuce gidan man da ke bakin gari tun yana saurayi. Mota tana juya masa ciki. Kujerar ɗakin watsa shiri ita ma tana juyawa, amma ba ta kai mutum ko'ina, shi ya sa suka shaƙu. Labarin garuruwan nan duka daga bakin direban motar 'yan wasa yake kwasowa, ranar Talata, a bencin mai shayi. Direban mutum ne mai surutu wanda bai damu da suna ba. Ya zuba, Sha-Yawo ya rubuta, ranar Alhamis a ƙara gishiri.

A wannan Talatar sai aka samu cikas. Ƙungiyar da za a je wa baƙunta sabuwar hawa ce, bana ta shigo gasar, kuma garinta na can nesa, tafiyar awa biyar.

"Wannan garin ko a mafarki ban taɓa taka shi ba," in ji direban. "Ni ma tambaya zan yi ta yi a hanya. Wannan karon ka nemi wani malamin."

Sha-Yawo kuwa ya san wani malamin. Yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi a bayanta, a garin take aure shekara ashirin da wani abu, kuma bai taɓa zuwa gidanta ba. Da mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ta waya ya yi mata ta'aziyya, ya ce yana nan tafe ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya zo da wasa, na gaba ma haka. Daga baya kunya ta karɓi aikin daga hannun lalaci, ita kuwa kunya kullum ƙara nauyi take yi. Yanzu sai su yi wata huɗu ba su gaisa ba, in ma an gaisa ita ce ta kira. Ya sani sarai igiyar da ke tsakaninsu saura ƙiris ta tsinke, kuma ta ɓangarensa take cinyewa.

Ranar Laraba da rana ya tsaya a barandar gidan rediyon, ya juya bayan takardar jadawalin shirye-shirye, ya kira ta.

"Yaya, ina wuni?"

"Wa nake ji kamar Auta? Yau wace rana! Kai ka kira, ko wayar ce ta danna kanta a aljihu?"

Ya yi 'yar dariya, suka gaisa, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Yaya, ran Asabar za mu zo garinku."

Da bakin 'yan ƙwallo ya yi maganar. Mutumin da ko gwangwani bai taɓa bugawa ba, sai ka ji yana cewa mun ci biyu, an kore mana mutum ɗaya, mun sayi sabon gola. Wannan "mu" ɗin Sha-Yawo yake nufi. Yaya kuwa ba 'yar ƙwallo ba ce. Sai ya ji ta ɗaga murya tana gaya wa wani a cikin gida, "Auta zai zo! Ran Asabar!"

A nan ne ya kamata ya gyara maganar. Ya buɗe baki, ya ji ba zai iya ba, sai ya wuce ga abin da ya sa shi kiran.

"Wasa gare mu a filinku. Shi ne na ce bari in tambaya, in an shigo gari ta ina ake bi?"

"Filin ai ba shi da nisa da mu, in an ci ƙwallo har tsakar gida muke jin ihu. Kana da abin rubutu?"

Ta shiga kwatance a tsanake, irin na wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. In an haye gada za a ga shataletale mai agogo, agogon ya tsaya, kada a biye masa. Kada a bi ta kasuwa, ranar Asabar ko allura ba ta wucewa. A ɗauki hagu, a wuce masu faci, a wuce makarantar firamare mai doguwar katanga. Layi na uku bayan famfon unguwa, a miƙe har ƙarshe, za a ga babbar ƙofa mai shuɗin fenti.

"Nan ne," ta ce.

"Akwai wurin ajiye mota?"

"Fili ne fetal a gaban ƙofar."

"Abinci fa? Ina baƙo zai samu mai kyau?"

"Ji shi! Baƙo ya zo garin nan ya sayi abinci? Kada ma ka fara, an gama da wannan."

Ya rubuta har da wannan. Ta ci gaba da ba shi labarin garin ba tare da ya tambaya ba, yadda iska ke tasowa daga kogi da la'asar, yadda mutanen garin ba sa ɗaga murya ko a wurin ciniki. Ta ce kowace Alhamis tana sa a kamo mata tasharsu a waya, maƙwabta su taru su saurara, tana ce musu ƙanenta ne. Daga ƙarshe ta ce, "Ɗakin marigayi zan gyara maka, ya fi iska."

"To, Yaya," ya ce.

Shirin ranar Alhamis ya yi armashi. Ya fara da wasan: masu masaukin ba a taɓa cinsu a gida ba bana, suna da wani dogon ɗan gaba da ke cin ƙwallo da ka, amma golanmu ya warke, kuma ko kunnen doki aka yi an samu riba. Sannan ya zo kan garin. Ya zuba gada da agogo da famfo da shuɗiyar ƙofa, ya ce a nan filin yake, motoci su tsaya a gabanta. Ya yabi iskar kogi kamar shi ta kaɗa. Ya ce mutanen garin sun rantse baƙo ba zai sayi abinci ba. Kuma saboda harshe ya saba, sai ya ji kansa yana cewa, "Jama'a, ba labari aka ba ni ba. Ranar Litinin na je da ƙafata, na zaga garin nan lungu-lungu."

Maganar na fita ya tuna su wa ke zaune a wata tsakar gida sun kewaye waya. Amma jar fitila na kunne, ana jinsa kai tsaye, kuma maganar da ta fita ba ta komawa. Ya ƙarasa shirin, injiniyan sauti ya ɗaga masa babban yatsa ta bayan gilashi.

Ranar Juma'a ya yini yana jiran kiranta, ba ta kira ba. Sau uku ya ɗauko wayar ya nemo lambarta, sau uku ya mayar aljihu. Da yamma ya haɗa 'yar jaka, riga biyu da maganin amai, ya gaya wa kansa cewa in ya je da ƙafarsa komai zai wanku.

Asabar da hantsi motocin magoya baya biyu suka tsaya a gaban ofishin ƙungiya. 'Yan wasa sun riga sun tafi tun jiya. Shugaban magoya baya, wanda kowa ke kira Mai Ganga, yana tsaye da takarda a hannu, kwatancen ne ya kwafe kalma da kalma. Wani ya ce a duba taswirar waya, Mai Ganga ya ce wayar da ba ta taɓa zuwa garin ba ina za ta fi wanda ya taka da ƙafarsa. Da ya hango Sha-Yawo da jaka sai ya washe baki.

"Yau da mu za ka? Ku tashi a kujerar gaba, ga mai hanya ya zo!"

Sha-Yawo ya sa ƙafa ɗaya a matakalar motar. Warin mai ya doke shi, amma ba shi ne ya tsayar da shi ba. Ƙofar gidan Yaya ya hango a ransa, da ita a tsaye, da kalmar farko da zai ce mata a kan mutumin da aka binne shekara shida. Ya nemi kalmar ya rasa, sai ya sauke ƙafar.

"In na bi ku, wa zai riƙe muku shiri? Ku je, ina nan ina watsa muku."

Ba wanda ya yi mamaki, ai haka ya saba. Motoci suka tashi da ganga da ƙaho, shi kuma ya koma gidan rediyo ya tura jakar ƙarƙashin tebur.

Ƙarfe uku da rabi, saura rabin awa a take wasa, yana jera sunayen 'yan wasan da sakataren ƙungiya ya turo masa, sai ga kiran Mai Ganga. Ta bayan muryarsa ana jin hayaniya da ƙarar kwanuka.

"Sha-Yawo, wane irin kwatance ka yi mana? Mun bi shi ƙafa da ƙafa. Ga gada, ga agogo, ga famfo, ga shuɗiyar ƙofa. To, ba filin wasa ba ne, gidan mutane ne."

Sai yanzu ya gane hanyar da aka kwatanta masa.

"Amma fa ba mu yi asara ba," Mai Ganga ya ci gaba. "Wata baiwar Allah muka tarar a ƙofa, ta sha ado, an share gaban gida an yayyafa ruwa. Ko gezau ba ta yi ba da ta ga motoci biyu, ta ce tun ran Alhamis ta san da zuwanmu. Ta tsaya a bakin motar farko tana duban kowa yana sauka, har ta ƙare. Ta koma ta biyu, ita ma haka. Ta leƙa ciki ta ce, shi ke nan? Na ce shi ke nan, Hajiya. Sai ta ce to, bismillah, ku shigo. Tukwane huɗu, Sha-Yawo! Mutum sittin mun ci mun bar saura. Yanzu ta sa a raka mu fili, ashe bayan layin ne. Ga ta ma, ta ce in ba ta kai."

Aka yi ɗan motsi, hayaniyar ta ja baya.

"Auta."

"Yaya, don Allah ki saurare ni, wallahi jakata ma tana nan..."

"Baƙinka sun ci, sun ƙoshi. Mutanen kirki ne." Muryarta a kwance take, ba faɗa a ciki, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. "Ran Alhamis maƙwabta suna zaune suka ji ka ce ka zo ran Litinin, ka zaga gari lungu-lungu. Duk suka juyo suna dubana. Na ce musu eh, ka zo, a nan ka ci abincin rana, sauri kake shi ya sa ba su gan ka ba."

Ta bayan gilashi injiniyan sauti ya ɗaga masa yatsu biyar, alamar saura minti biyar a fara shiri.

"Ban taɓa yi musu ƙarya ba sai a kanka," ta ce. "Na rufa maka asiri, kuma ba zan tona ba. Sai dai kada ka sake kirana ka tambayi hanya. Ka riga ka gaya wa duniya ka santa."

Ta miƙa wa Mai Ganga wayarsa. An tashi wasan ɗaya da ɗaya, kuma waɗanda suka saurara sun ce Sha-Yawo ya watsa shi yadda ya saba, daga rahoton da sakataren ke turo masa ta waya. Bayan an tashi ya fita baranda ya kira lambarta. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira, ya tsaya yana saurare.