Tawada a Babban Yatsa

Gari na wayewa ƙanwar Inna Tela ta jera kaya a bakin famfo: soso, sabulu, kananzir, har da dutsen goge kaushi. Duk wannan ɗawainiya kuwa a kan babban yatsa guda ce, wanda aka shafa wa tawadar zaɓe jiya.

"Miƙo hannun, Yaya. Yau fa ranar ziyara ce."

Inna Tela ta sani mana. Autanta, mai gyaran waya, ya shafe watanni a tsare. Laifinsa kawai ya tura wa mutanen unguwa saƙo, yana koya musu yadda za su duba ko an cire sunansu daga cikin masu zaɓe. Hukumar tsaro, wadda ba ta da aiki sai karanta saƙon mutane, ta ce wannan tayar da zaune tsaye ne. Bayan an tafi da shi aka zo aka liƙa kyamara a kan kowane turken wuta, wai don a kare unguwa.

A ziyarar da ta wuce, jami'in da ke bakin ƙofa, wanda mata suka laƙaba wa Mai Murmushi, har rakiya ya yi mata. "Mama, kin manyanta," in ji shi. "Ranar zaɓe ki huta abinki. Iyayen da suka zauna a gida, ƙofarmu a buɗe take gare su."

Inna Tela ba yarinya ba ce, ta gane karatun. Kuma maganar gaskiya ta yi niyyar zama. Ranar zaɓen ta hau keken ɗinki da safe, ta haɗa hannun riga a baibai, ta farke, ta sake haɗawa a baibai. Da ta leƙa titi ta ga tsit, manyan maza duk sun shige ɗaki, sai zuciya ta ciyo ta. Ta yafa mayafi ta tafi makarantar da ake zaɓen, ta tsaya daidai ƙarƙashin kyamara, ta jefa ƙuri'arta.

Yanzu ga ƙanwa ta kama yatsan tana dirza, har fata ta fara ja. Inna Tela ta fizge hannunta.

"Bar shi. Ba sata na yi da shi ba."

"Haba Yaya! Taurin kan nan naki, yaron ne zai sha wahalarsa. Ke kaɗai ake bari ki gan shi."

Wannan magana ta soke ta. Tsoro ya kama ta ƙwarai lokacin da take zuba wa Auta shinkafa a kula. Amma ba ta koma bakin famfo ba.

Dokar gidan tsarewar ita ce duk mai ziyara ya ɗora babban yatsa a kan wata na'ura kafin a buɗe masa. Da layi ya zo kanta ta ɗora. Na'ura ta kawo kore. Mai Murmushi ya dubi yatsan, ya dube ta, haƙoran nan duk a waje.

"Ayya, Mama. Na'ura ba ta karanta yatsa mai datti."

"Ai ga shi ta kawo kore."

"Kuskure ta yi. An dakatar da ziyararki sai an bincika."

"Sai yaushe?"

"Sai an bincika."

Matan da ke bayanta suka sunkuyar da kai. Inna Tela ta san Auta yana can bayan ƙofar, ya wanke fuska yana jiran ta. Ta ajiye kular a kan teburi.

Mai Murmushi ya sassauta murya. "Kada ki damu, zan kai masa da kaina. Zan ce zazzaɓi ne ya kwantar da ke, don kada hankalinsa ya tashi."

Inna Tela ta dafa teburin ta sunkuyo, har ya ɗan ja da baya. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

"Lafiyata ƙalau, ɗan nan. Kada ka kuskura ka ɗora mini ciwo. Ka ce masa uwarsa ta zo da ƙafarta, kai ka hana ta shiga. In ya tambaye ka dalili, ka gaya masa na yi zaɓe."