Motar Auta Ta Daina Tari

Injin jif ɗin Baba Direba bai mutu a hanya ba, wannan mutuncin dai ya yi masa. Sai da ya kawo shi har ƙofar gida, ya yi wata ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunya, sannan ya yi shiru. Da aka ja motar zuwa gareji, Gajere bakanike ya buɗe bonet, ya zaro ƙarfen gwada mai, ya ga mai ya cakuɗe da ruwa ya koma kamar madara. Ya girgiza kai.

"Baba, wannan kam sai haƙuri. Jikin injin ne ya tsage. Ko maigidana da ya koya mini aiki ya dawo duniya, ba abin da zai iya yi masa."

"To a nemo irinsa mana."

"A ina? Haba Baba! Irin wannan injin tun ina goye aka daina yin sa."

A garejin nan ba mai kiran motar da jif. Mai Tari suke ce mata. Dalili kuwa, ko an kashe ta an zare makulli, ba ta mutuwa nan take. Sai ta yi ta jijjiga tana tari, ta yi kamar ta gama ta sake farowa, daga ƙarshe ta buga ta salansa, fam! Kajin unguwa su watse. Bakanikai nawa suka taɓa kafireta, suka canza fulogi, suka yi rantsuwa sun gyara, amma ina! Baba Direba ya sha jin kunyar wannan tari a gidan biki da gidan gaisuwa, har ya saba ajiye ta can nesa ya ƙarasa da ƙafa.

Da a ce yawon gari ne kawai, da ya bar ta ta huta a ƙarƙashin bishiya. To amma akwai Yaya.

Yaya ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta goya shi, ita ta dake shi, ita ta yi masa aure. Yanzu tana can saman duwatsu a gidan 'yarta, idanunta sun mutu, tunaninta ma ya fara guduwa. Wani lokaci 'yar da ta haifa sai ta tambaye ta ko ita 'yar wane gida ce. Amma duk ranar da Baba Direba ya je, kafin ma ya yi sallama sai ya jiyo muryarta daga baranda: "Auta, ka iso?" Mutumin da furfura ta gama cinye masa kai, mai jikoki, a duk faɗin duniya ba wanda ya rage yana kiran sa Auta sai ita. Yakan yi alfahari da wannan a gareji. "Kowa ta manta," in ji shi, "ban da ni. Jini ne."

A makon da injin ya mutu 'yar Yaya ta kira shi a waya.

"Kawu, jikin Mama ya yi sanyi sosai bana. Abinci ma sai an lallaɓa. In za ka zo, don Allah ka zo kafin ruwa ya sauka."

Ya san abin da take nufi. Hanyar gidan ba kwalta, duwatsu ne da ramuka, ga wani rafi da ake ratsawa a ƙasan gangare. Da zarar ruwan sama ya kankama, rafin ya cika, ba mota sai damina ta wuce. Motar haya ba ta zuwa can. Babur yana zuwa, amma ƙugun Baba Direba ya daɗe da daina ɗaukar wannan wahala. Ko jif ɗin, ko babu.

Gajere ne ya kawo shawara. Akwai wata ƙaramar motar kaya a bayan gareji da bango ya faɗo wa, jikinta ya lotse amma injinta lafiya lau, na dizal.

"Mu ɗora mata shi, Baba. Ga ƙarfi, ga rashin shan mai. Dutsen nan da kake hawa kana addu'a, da waƙa za ka hau shi."

"Zai zauna?"

"Ba zai zauna ba. Mu za mu zaunar da shi."

Gaskiya ya faɗa, bai zauna ba. Da aka ɗaga shi da sarƙa aka zuro, ƙafafunsa suka ƙi haɗuwa da mazaunin tsohon, sai da mai walda ya yanke ya sake ɗinkawa. Aka zo haɗa shi da giya, ramukan noti suka ƙi kallon juna, aka aika a yanko farantin ƙarfe da zai shiga tsakaninsu. Farantin ya zo, rami ɗaya ya kauce, aka mayar. Aka sauke tanki aka wanke shi tas don kada ɗigon fetur ya rage. Da aka saki jak, sai gaban motar ya durƙusa saboda nauyi, dole aka ƙara mata sifirin. Kullum da sabuwar magana, kullum Gajere na cewa gobe.

Baba Direba bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Da safe zai sha shayinsa a kofi ɗayan nan da ya rage yana amfani da shi tun rasuwar matarsa, ya wanke, ya kife, ya kulle gida ya tafi gareji. Me zai zauna yi? 'Ya'yansa suna garuruwa masu nisa, in sun kira tambaya ɗaya ce, ka ci abinci, ka sha magani, to sai an jima. A gareji aƙalla akwai hayaniya. Yana da benci a gefen bango inda inuwa ke daɗewa. Daga nan yake kallon ƙafafun Gajere sun leƙo daga ƙarƙashin mota, daga nan kuma yake ɗaga kai yana duban sama. Ba mai yi masa magana sai in za a ce ya ɗan ɗaga ƙafa a jawo waya. Hadari kuwa ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa.

Tsohon injin yana yashe a gefe, mai na tsiyaya daga cikinsa, har ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da amalanke. Gajere ya ɗago kai.

"Baba, a ba su? Wuri kawai ya tare mana."

"Ba su."

Da yake ya fi ƙarfin amalankensu, a nan gabansa suka sa masa guduma suka farfasa. Ya ji wani abu ya taɓa masa zuciya, injin da ya yi shekaru yana sauraro, amma ya kau da kai. Hankalinsa yana kan hadari.

Ranar da za a tayar da sabon, ya ƙi tashi. Aka murɗa makulli har batir ya fara kasala. Gajere ya ce iska ce ta shiga bututun mai, dizal ba ya shiri da iska ko kaɗan. Ya sassauta noti, ya yi ta danna ɗan famfon hannu, kumfa na fita, kumfa na fita, har mai ya fito zalla. Ya ɗaure. Murɗawa ɗaya injin ya kama, ƙwar-ƙwar-ƙwar, baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, motar duka tana rawa. Mai walda ya yi ihu. Gajere ya bar shi ya yi zafi, sannan ya ɗaga yatsa.

"Baba, saurara."

Ya kashe. Ɗif. Ko motsi.

"Ka ji? Ba tari, ba atishawa. Daga yau sai ka ajiye ta a ƙofar kowa ba kunya."

Baba Direba ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka fito. Rabonsa da irin wannan dariya an daɗe.

Washegari da sassafe ya kama hanya, ya ɗora ledar magani da sabon bargo a kujerar gefe. Kai, injin nan ya cika alkawari! Gangaren da a da sai ya tsaya a tsakiya ya kafa dutse a bayan taya ya ba lagireto ruwa, yau a giya ta biyu motar ta haye shi tana gurnani, ko totur bai taka sosai ba. Rafin ya fara kawo ruwa, amma bai wuce rabin taya ba. Tun kafin hawan ya ratsa shi. A bayansa hadari ya yi baƙi ƙirin, bai damu ba, ya riga shi. Yana tuƙi yana shirya abin da zai ce mata. Zai ce, Yaya, na yi wa tsohuwar sabuwar zuciya. Ya san za ta ce ai shi ma ya nemi tasa.

Ya shiga farfajiyar gidan ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ga ta can a baranda a kan tabarma, ta jingina da bango, ta rame har ya ji tsoro. Ya kashe mota. Ya ɗan dakata, hannunsa a kan ƙofa, yana jira.

Ba ta kira ba.

Ya ce a ransa ko barci take yi. Ya sauko da bargon, ya tako har bakin baranda ya durƙusa, ƙugunsa na ƙara.

"Sannu, Yaya."

"Yauwa, sannu bawan Allah. Kaya aka kawo? Yarinyar tana ciki."

"Ni ne, Yaya. Auta ne."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa mai wasan da bai iya ba. "Kai dai ba ka da dama. Auta yaro ne, kai kuwa muryarka ta tsofaffi ce. Kuma da motar kaya ka zo, tun daga gangare nake jin haushinta. Tasa ba haka take ba. A hankali take hawowa tana nishi. In ya kashe ta sai ta yi tari, ta yi tari, ta buga. In ta buga, to shi ne."

Ya kamo hannunta ya ɗora a fuskarsa, ta shafa gemun, ta shafa kuncin da ya faɗa, ta janye hannun cikin ladabi kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya tuna mata sunan uwarsu. Ya tuna mata tabon da ke gwiwarsa na ranar da ya faɗo daga katanga ta ɗauke shi a baya har asibiti. Ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai.

"Ashe ka san shi. Allah sarki. Ya ba ka labari ke nan."

'Yar Yaya ta fito tana goge hannu da zane. Ta dubi motar, ta dubi kawunta, ta rufe baki da hannu. Ta ja shi gefe ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, me aka yi wa motar?"

"Inji aka canza."

"Wayyo Kawu! Na ɗauka ka sani. Ai ƙarar nan ce take dawo da ita. Da ta ji bugun nan sai ka ga ta farka, ta gane ka, ni ma ta gane ni, har kwana biyu tana cikin hankalinta. Ina tsohon injin?"

Ya tuna gudumar masu amalanke. Shekara da shekaru yana cikin motar nan, bai taɓa tsayawa a baranda ya ji yadda isowarsa take ba. Ya miƙa mata bargon ya koma mota. Ya tayar, ya kashe. Ɗif. Ya sake tayarwa, ya taka totur har ƙasa ya zare makulli. Ɗif. Ya sa giya ya saki kuloci da gangan don ta shaƙe, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu, tsaf, ba tari ko na magani. Gajere ya iya aiki, wannan kam ba mai musu. Ya sake kai hannu ga makulli, sai ya jiyo muryar Yaya ta ɗaga, da sauran ƙarfin da ya san ta da shi tun yana yaro.

"Ke! Ki ce wa direban nan ya kashe mana motarsa haka nan. Kada Auta ya zo ban ji ba."

Ya zare makullin. Ya daɗe zaune riƙe da sitiyari, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Baƙin ciki ne irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa.

Iska ta taso ta fara kaɗa kwanon rufi. 'Yar Yaya ta zo jikin tagar motar.

"Kawu, hadarin nan ba na wasa ba ne. In za ka sauka, yanzu ne. In rafin ya cika, ka san sai bayan damina."

Ya dubi hanya. Ya tuna gidansa a kulle, da kofin da ya kife da safe. Ya sa makullin a aljihu, ya ɗaga gilashin taga, ya fito.

Da ya zo bakin tabarma, Yaya ta juyo da kunne.

"Ba ka tafi ba, direba?"

"Ban tafi ba."

"Kai ma wani kake jira?"

"E."

"To zauna. Amma ka yi shiru, daga nesa ake fara jin ta."

Ta matsa masa gefen tabarma. Ya zauna ya ja mata sabon bargon ya rufe ƙafafunta, ta yi masa godiya ta sa masa albarka. Ruwa ya fara sauka a kan bonet da zafinsa, tururi na tashi. Su biyu suka juya fuska wajen hanya.