Auta Mai Furfura

Na girmi surukata da shekara uku. In ka cire zafin rana da gwiwata ta hagu, wannan ce kaɗai matsalata a ƙasar Thailand.

Sunana Gaston, amma a ƙauyenmu na kusa da Roi Et ba mai wahalar da bakinsa, Gat suke ce mini. Direban jirgin ƙasa ne ni a Beljiyam har na yi ritaya. Hutu na zo, babur ɗin da na yi haya ya mutu a ƙofar shagon wani makanike mai suna Yun, kuma ga shi shekara goma sha ɗaya hutun bai ƙare ba. Shi namiji, ni namiji, kuma daga mai sayar da ƙanƙara har babban sufin haikali babu wanda bai sani ba. Da doka ta ba da dama muka je ofishin gunduma muka sa hannu, ya zama mijina a takarda kamar yadda ya daɗe da zama a gida. Abin da ya dami mutanen ƙauye kawai shi ne ba mu yanka saniya ba.

Mae Thongbai, uwar Yun (Mae a yarensu Inna ke nan), ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba. To ai nan ciwon yake. Girmama ni take yi kamar za ta kashe ni. “Kawu Gat” take kirana. A nan ƙarami ne ke fara haɗa tafin hannu ya gaida babba, kuma matar nan ba ta taɓa bari na riga ta ba. Har kwanton ɓauna na yi mata a bayan rumbun shinkafa, ta hango inuwata ta riga ni. Fanka ɗaya ce mai kyau a gidan, da na shigo ni ake juya wa. In ta daka kwaɗon ɗanyar gwanda, na kowa barkono cike da hannu, nawa ƙwaya ɗaya, ita ma an cire mata 'ya'ya. In na ɗauki tsintsiya ta ƙwace.

Ɗayan surukin nata kuwa, mijin Jiap ƙanwar Yun, ba ya wuni bai sha faɗa ba. Malalaci, mai bakin ci, wanda ya bar kaji suka shiga lambu. Na rantse kishinsa nake yi. Uwata ta daina yi mini magana tun ranar da ta san ko ni wane ne, har ta koma ga mahaliccinta ba ta sake ba. Girma ya ishe ni. So nake wata uwa ta daka mini tsawa ko sau ɗaya kafin in mutu.

Ranar da abin ya fi ƙona mini rai ita ce safiyar Songkran, bikin sabuwar shekararmu. Kafin a fita titi a yi ta watsa wa juna ruwa, sai a jera kujeru a gindin mangwaro, tsofaffi su zauna, 'ya'ya da jikoki su zo da rarrafe su zuba musu ruwan ƙamshi a hannu, su nemi gafara, a sa musu albarka, a ɗaura musu farin zare a wuyan hannu. Kowace shekara ana ɗora ni kan kujerar tsakiya, tsakanin Mae da baffanta Kaka Khamdi. Sai ga Yun, mutumin da nake kwana ina jin minsharinsa, ya durƙusa a gabana da ƙoƙon azurfa yana neman albarka kamar kakansa ne ni. Jiap kuma tana bayansa tana cizon leɓe kada dariya ta ƙwace mata.

Bana na ce ba za ta saɓu ba.

“Tsohona, rufa wa kanka asiri,” in ji Yun da na faɗa masa. “Gwiwar da likita ya sa wa ƙarfe ce za ka durƙusa da ita? In ka sauka wa zai ɗaga ka? Ni injin babur nake ɗagawa, ba na jirgin ƙasa ba.”

“Ina ruwanka? Uwarka ce ko tawa?”

“Ai shi ne nake gaya maka, na fi ka saninta.”

Ban saurare shi ba. Kullum da hantsi in ya tafi shago sai in shimfiɗa tabarma a bayan gida, in dafa randa, in sauka a hankali, in tashi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta gan ni durƙushe gaban randa, kafin la'asar labari ya zaga ƙauye cewa Baturen Yun ya sami aljani a randa. Mutum biyu suka zo tambayata ko ya faɗa mini lambar caca.

Ranar ta zo. An jera kujeru, an kunna fankata, Mae ta sha zanen siliki. Ta haɗa hannu ta nuna mini kujerar tsakiya.

“Bisa kujera, Kawu Gat.”

Na wuce kujerar kamar ban gan ta ba, na shiga layi bayan Yun. Kowa ya zuba mini ido. Da aka zo kaina na karɓi ƙoƙon, na sauke gwiwar dama, na sauke ta hagu, ta yi wata ƙara kamar an taka busasshen kara. Amma na sauka.

Mae ta zabura kamar kunama ta harbe ta.

“Wayyo ni! Ku ɗaga shi! Yun, kana tsaye kana kallo? So kake in mutu bana?”

“Mae, ruwa kawai zan zuba miki.”

“Wane ruwa? Babba ya durƙusa wa ƙarami, ai kwanan ƙaramin yake ragewa! Me na yi maka, Kawu? Ban ba ka fanka ba?”

Ashe ke nan! Duk shekarun nan da take riga ni gaisuwa, ba ƙi na take yi ba, ranta take karewa. Na ji kunya, na kuma ji haushi, amma tashi ba nawa ba ne, gwiwa ta riga ta kulle. Da ta ga ban motsa ba sai ta sulalo daga kujera ta durƙusa ita ma, ta sunkuyar da kai ƙasa da nawa. Na ƙara sunkuyawa. Ta ƙara. Muka zama kamar kaji biyu a kan ƙwayar hatsi ɗaya. Jiap ta kasa riƙewa, ta faɗa jikin mijinta tana dariya har da hawaye.

Kaka Khamdi ne ya buga sandarsa a ƙasa. Tsohon ya daɗe yana sufi a haikali kafin wata mai sayar da kifi ta sa ya ajiye mayafin sufaye ya aure ta.

“Ke Thongbai, ɗago kanki, kina ɓata zane. Lokacin da nake haikali, wani dattijo mai jikoki ya zo aka aske shi ya ɗauki mayafi. Ni ko gemu ban yi ba. Wa kike jin ya durƙusa wa wani?”

“Kai ka durƙusa masa mana, Baffa.”

“Ina! Shi ya durƙusa mini, goshinsa har ƙasa. A can ba a ƙirga daga ranar haihuwa, daga ranar shigowa ake ƙirgawa. Ga ni nan kuma ban mutu ba, haƙora ne kawai suka tafi.” Ya nuna ni da sanda. “Wannan farin yaushe ya shigo gidanki?”

Mae ta yi lissafi da yatsu.

“Bayan mijin Jiap.”

“To shi ne autanki. Hau kujera ki bar mu mu ci abinci.”

Ta dube ni tun daga furfura har gwiwa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dafa kafaɗata, ba a hankali ba kuwa, ta miƙe da ni kamar turmi ta dafa, ta koma kujera ta miƙo hannuwa biyu. Na zuba ruwan, rabi ya zube mata a cinya. Na ce ta yafe mini duk abin da na yi mata. Ta shafa jiƙaƙƙen hannunta a kaina, abin da ba ta taɓa yi ba, domin ba a taɓa kan babba. Ta ɗaura mini zaren, ta ja shi da ƙarfi.

“Ka yi tsawon rai, ka yi lafiya, ka riƙe mini ɗana.” Sai ta dubi zanenta. “Dubi yadda ka jiƙa mini siliki! Kai ko ruwa ba ka iya zubawa ba? Ƙaton banza. Tashi ka kwashe kujerun nan.”

Yun da mijin Jiap suka ɗaga ni ta hammata. Mijin Jiap ya raɗa mini a kunne, “Sannu da zuwa, ƙane. Ka jawo wa kanka.”

Na kwashe kujeru ina ɗingishi, aka ce ba nan ake ajiyewa ba, na sake kwashewa. Da na dawo na tarar an juya fankar tana kallon Kaka Khamdi, ni kuma an ba ni wuri a bakin tabarma inda rana ke dukan ƙeya. Mae ta daka gwanda ta turo mini nawa daga turmin kowa. Loma ɗaya na kai, kunnuwana suka toshe, hawaye suka ɓalle.

Yun ya miƙo mini ruwa yana dariya. “Mae, za ki kashe mini miji.”

“Bar shi,” in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Baƙo ake rage wa barkono. Ci, Gat, kwanuka na jiranka.”

Na ƙara loma. Kowa ya ɗauka barkonon ne ke sa ni hawaye, sai Yun, da ya daina dariya ya riƙe mini hannu ta ƙarƙashin faranti.